Gwiwar da Ta Ƙi Miƙewa

Rannan da la'asar ina zaune ƙofar gidana nan unguwar Bobiel a Yamai, samarin da suka kafa fadar shayi jikin bangona suka tasa hanyar arewa gaba da zagi. Wani mai kabu-kabu a cikinsu ya ce shi bai taɓa ganin aikin banza irin lanƙwasar nan da ake kira Gwiwa ba. Hanya na tafiya sambal, sai ta karkace gabas ba gaira ba dalili, ta yi dogon zagaye kamar wadda ta hango surukinta, sannan ta dawo inda take. Na kusa da shi ya ce ai mutanen da ne, barci suke yi suna aiki, kuma gyaran hanya ba sana'a ba ce, zuba ƙasa ne kawai a tattake. Na ƙyale su har suka miƙo mini kofi na biyu, don ba na faɗa da mutum kafin in sha shayinsa. Da na shanye na ce musu wanda ya lanƙwasa hanyar nan ga shi zaune gabansu, kuma ido biyu ya yi aikin. Suka ce in ba su labari. To ga shi, ku ma masu ganin shebur ku ɗauke kai sai ku saurara.

Sunana Mamman, amma duk wanda ya san ni a Yamai Mamman Kantoniye yake ce mini. Kantoniye shi ne mai gyaran hanyar karkara, wanda ake yanka wa yanki a ce daga wannan dutse zuwa wancan naka ne, in ta lalace kai za a tambaya. Iyayena mutanen Maradi ne, sun daɗe a unguwar Gamkalley nan Yamai, mahaifina yana da garka bakin kogi. Ni kuwa ɗaukar ruwa ga salati da kabeji safe da yamma ya ishe ni. Shekara guda bayan samun 'yancin kai na ji ana ɗaukar majiya ƙarfi a ofishin hanyoyi, na ruga na ba da sunana ina murnar na rabu da wahala. Ashe gudu na yi daga ɗaukar ruwa na faɗa ɗaukar dutse.

Aka ɗora ni bayan kamyo, babbar motar kaya, aka sauke ni gaban wata bukka a hanyar arewa, tafiyar yini guda a ƙafa daga gari. Nan na tarar da Abarshi, kafaran ɗin yankin, wato shugabanmu mu huɗu. Ba'adare ne, gajere, busasshe, ya ba sittin baya. A kansa akwai hular kafaran mai tagulla a goshi, ta koɗe har ba a gane launinta, kuma in ba alwala ba babu abin da ke raba ta da kansa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya juya tafin hannuna ya duba, ya ce hannun mai salati ne, za a gyara. Sannan ya nuna mini kayan aiki: diga, shebur, baro mai ƙafar ƙarfe da ake jin kukanta tun daga nesa, kwando, igiya, da wata tsohuwar ƙwarya. Na ƙarshe shi ne madaɓi, guntun icen kirya mai nauyi da doguwar ƙota. Ya ce sauran duk 'yan rakiya ne, wannan shi ne mai aikin.

Ramin farko da aka ba ni bai fi faɗin faifai ba. Na kwaso marmara, jar ƙasar nan mai tsakuwa da muke haƙowa gindin tudu, na juye ciki, na tattake da ƙafa, na tsaya ina jiran yabo. Abarshi ya zo ya sa babban yatsan ƙafarsa ya tone shi gaba ɗaya.

"Wanga ba cikon rame ba na," in ji shi. "Ɓoye shi kay yi, kamar mage."

Ya karɓi diga ya yanke gefen ramin har ya zama kusurwa huɗu, ya share garin da ke ciki, ya yayyafa ruwa, ya zuba marmara kaurin yatsa uku, ya daɓe. Ya sake yayyafawa, ya zuba, ya daɓe, har sau uku. A ƙarshe ya bar wurin ya ɗan fi hanya tudu, don taya ta gama zaunar da shi. Rami guda ya ci mana rabin hantsi. Na yi wata uku ba na komai sai wannan, har ya zama in na ga rami ko a tsakar gidan mutane ne sai hannuna ya fara ƙaiƙayi. Ku riƙe wannan, don shi ya kashe mu daga baya.

Ƙwaryar nan kuwa ta gwaji ce. In muka gama gyara wuri, Abarshi yakan cika ta da ruwa ya tsaya tsakiyar hanya ya zuba. Dole ruwan ya rabu biyu, rabi ya gangara lambatun dama, rabi na hagu. In ya tsaya yana shawara, to an yi aikin banza, a sake. Hanya sai da doro, tsakiyarta tudu gefenta gangare, kuma da ido da igiya kawai muke fitar da doron nan. Yanzu in na ga injin da ya fi ɗakina girma ya gama aiki ruwa na kwance tsakiyar titi, sai in tuna ƙwaryar Abarshi.

Masu bin hanyarmu iri uku ne. Fatake da jakunansu ba su da matsala, sukan ma tsaya su ba mu gishiri ko dabino. Makiyaya da shanu suna burma mana lambatu, amma ba da gangan ba. Annobarmu ita ce direbobin kamyo. Da damina akwai abin da ake kira bariyar ruwa, dogon ƙarfe da muke gittawa bisa hanya da zarar an yi ruwa, don in babbar mota ta taka jiƙaƙƙiyar marmara takan yanka ta kamar tuwo. Ba a buɗewa sai ta sha iska. Abarshi ba shi da agogo, da diddige yake aunawa: in ya taka ya ga sawu, bariya na nan rufe ko da sarki ne ke jira.

Akwai wani Ilu Badamagare, mai jan kamyon gyaɗa, wanda ya ɗauka babu ƙofar da goro bai buɗewa. Duk ran da bariya ta tare shi sai ya sauko yana washe baki, ya miƙa wa Abarshi fari ƙwal guda biyu. Abarshi ya karɓa ya yi godiya, ya fasa, ya ba mu, ya zauna yana tauna a hankali. Ilu ya koma mota ya tada inji ya jira. Shiru. Ya sake saukowa.

"Baba kafaran, ai na ga ka ci."

"Na ci, Ilu, shina da daɗi. Hanya kau ba ta ci ba."

Haka suke yi kowace damina, kuma Ilu bai taɓa fasa kawo goron ba.

To, Gwiwa tana tsakiyar yankinmu. Tun kafin a san mota a ƙasar nan turbar fatake ce, masu sauko da gishiri da fatu daga arewa. In sun zo wurin sai su bar miƙe, su bi gefen tudu ta gabas inda suri ya yi yawa, su zagaye wani fili shimfiɗaɗɗe mai baƙar ƙasa da itatuwan giyayya. In ka ga filin da rani za ka rantse babu inda ya fi shi daɗin shimfiɗa hanya. Amma gara ba ta gina suri inda ruwa ke kwana, giyayya kuwa ba ta tsirowa inda ba ya kwana. Kuma ruwan wurin ba na kowace shekara ba ne. Daga duwatsun arewa yake tahowa, sai an yi damina mai ƙarfi can, yana iya shekara uku ko huɗu bai leƙo ba.

Sau ɗaya tak Abarshi ya taɓa gaya mini abin da ya sani game da filin. Zamanin aikin dole, yana saurayi, wani kumandan ya ga lanƙwasar ta ba shi haushi ya sa aka miƙe ta. Da kwando a kai suka cika filin, Abarshi na cikinsu. Damina biyu hanyar ta tsaya. A ta uku ruwa ya zo da rana tsaka ya tafi da ita, ya haɗa da mutum biyu 'yan garinsu da aka sa tsaron wurin. Aka koma tsohuwar turba ba wanda ya ce uffan. Ya faɗi sunayen mutanen nan biyu, ya ɗauki madaɓinsa ya ci gaba da aiki.

Shekarata ta biyu aka kawo mana sabon shugaba, Mushe Sanda, Mushe ɗin shi ne malam da Faransanci. Ɗan ƙasa ne, saurayi, ya dawo daga karatu waje, shi ya gaji Bature a kujerar. Mun yi murna ƙwarai, kuma ba zan ɓoye ba, mutumin kirki ne. Yana gaida mu da hannu, yana cin tuwonmu, yana kiran Abarshi Baba. Shi ya sa aka kafa allo jikin kowace bariya aka rubuta awa shida bayan ruwa, don direbobi su daina jayayya. Aibinsa guda ne, ya tsani abu karkatacce. Ya ce sabuwar ƙasa ba ta tafiya bisa sawun jakai. Ran da ya zo Gwiwa da na'urarsa mai ƙafa uku da damin turaku masu jan kai, Abarshi ya ja shi gindin wata giyayya ya nuna masa reshe, sama da kan mutum.

"Mushe, duba bisa. Wa yah hau icce yar rataya wagga ciyawa?"

Mushe Sanda ya ɗaga kai ya ga busasshiyar ciyawa da karare sun sarƙe a reshen. "Iska ce, Baba."

"Iska ba ta kawo laka, Mushe. Shafa ka ji."

Ya shafa, ya ji lakar, ya yi murmushi. Ya ce ya gane, za a sa bututu biyu ƙarƙashin hanya ruwa ya wuce, a lakol, wato makarantar boko, an koya musu lissafin wannan. Abarshi ya ce ruwan da ya sani ba ya bin bututu. Mushe ya dafa kafaɗarsa ya ce zamani ya sake. Yini biyu ya yi yana kafa turakunsa, layi guda miƙe tsakiyar filin kamar an ja zare. Da zai tafi auna wani yankin ya bar mana umarni: shanu za su riƙa ture turakun, duk wanda muka ga ya faɗi mu tashe shi mu kafa. Na ga idon Abarshi ya yi wani ƙyalli, na san akwai magana.

Washegari da hantsi muka sauka filin. Abarshi ya tsaya gaban wani turke da ke tsaye ƙyam, ya dube shi da tausayi, ya ce wanga ya faɗi. Na ce Baba ai a tsaye yake. Ya sa ƙafa ya ture shi, ya ce yanzu fa? Muka tashe shi kamar yadda aka umarce mu, sai dai taki goma gabas da inda yake. Na tsakiya muna matsar da su da yawa, na bakin layi kaɗan-kaɗan, don ido kada ya gane. Mushe yakan wuce a jif ɗinsa duk bayan kwana uku, ya hango jajayen kawuna daga tsohuwar hanya a jere, ya ɗaga mana hannu. Mu ma mu ɗaga masa, mu ce shanu sun dame mu. Ban taɓa ganin dabbobin da aka yi wa ƙazafi kamar shanun Gwiwa ba. Cikin kwana ashirin layin Mushe ya yi ciki, ya rarrafo har ya kusa rungumar tsohuwar turba.

Dabarar ta yi kyau, sana'a ce ta ci amanarmu. Duk turken da muka cire yakan bar ɗan rami. Kantoniye kuwa ba ya iya barin rami a bayansa. Ba wanda ya ba da umarni, ba wanda ya yi tunani. Kowane rami sai da muka yanke gefensa, muka yayyafa ruwa, muka zuba marmara, muka daɓe sau uku. Jar marmara, bisa baƙar ƙasa.

Ran da za a fara aiki Mushe Sanda ya sauka filin da ƙafa, karo na farko tun da ya tafi. Ya kafa na'ura ya leƙa, ya ɗago, ya goge gilashin ya sake leƙawa. Sannan ya dubi ƙasa. Ga jajayen tabo nan reras, layi bayan layi, tun daga inda ya kafa turakunsa har inda muka kai su, kamar gonar da aka shuka da igiya. Har kwanakin da muka yi ana iya ƙirgawa. Ya durƙusa ya danna guda da yatsa, ya ji shi tauri kamar dutse.

"Bon," in ji shi. "Shanun nan naku, a wace lakol suka koyi daɓe?"

Dariya ta taso mini na haɗiye ta da ƙyar. Abarshi ya matso ya ce shi ya sa, yaransa umarni suka bi. Ran Mushe ya ɓaci sosai, don a gaban ma'aikatan da aka kawo daga Yamai aka yi. Daga ƙarshe ya ce abin da Abarshi ya yi ya isa kora nan take, amma ba zai kori sa'an mahaifinsa a kan gardama ba, zai bar ruwa ya raba su. Za a yi hanya miƙe. In damina ta zo ruwa ya haura ta, hular Abarshi na nan kansa, shi kuma zai ba da haƙuri gaban kowa. In damina ta wuce hanya na tsaye, Abarshi ya ajiye hula ya bar yankin. Abarshi ya ce ya yarda. Na so in ce a sa damina uku, amma wa ya tambaye ni?

Muka yi ta, kuma muka yi ta da kyau. Abarshi bai yi ha'inci ko na kwando guda ba, shi ya fitar da doronta da kansa, ya gwada da ƙwarya. Sannan muka zauna jiran ruwa.

Shekarar nan ita ce muguwar shekara. Aka yi ruwan shuka, aka yi na biyu, sai sama ta ɗauke. Hatsi ya kai gwiwa ya tsaya, ya yi fari, ya kwanta. Hadari ya riƙa haɗuwa da la'asar yana watsewa. Duk daminar sau biyu muka rufe bariya, su ma don kunya. Hanyar da muka gyara don motoci sai ta cika da masu ƙafa, mutanen ƙauye da tabarmi da tukwane a kai suna gangarawa Yamai neman abin sakawa baki. Shanun da muka yi wa ƙarya suka rame har ba su iya ture turke ko da sun so. Kowa na roƙon ruwa don gonarsa, ni ina haɗawa da hular Abarshi cikin addu'a, ina jin kunyar haɗawar.

Da kaka ta yi Mushe Sanda ya zo. Bai kai ga buɗe baki ba Abarshi ya cire hular ya ɗora bisa jif ɗin. Ranar na fara ganin kansa da kyau, ashe furfura ce fat. Mushe bai yi murna ba, har ya fara cewa ko a nema masa gadi a gari, Abarshi ya ce magana magana ce. Sai Mushe ya ɗauki hular ya miƙo mini. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ƙi karɓa, Abarshi ya daka mini tsawa ya ce hanya ba ta kwana babu kafaran. Na sa ta, ta yi mini kaɗan.

Mun ɗauka Adar zai koma. Sai ga shi ya kafa bukka tsakiyar tsohuwar Gwiwa, wadda aka riga aka share daga takarda. Ya ce an ce ya bar yankin gwamnati, wannan kuwa yanzu ba ta kowa ba ce. Ya sassaƙa madaɓinsa, ya samo ƙwarya, ya ci gaba da gyaran hanyar da babu motar da ke bi. Jakunan fatake kaɗai suka ƙi sabuwa, suna bin tasu ta gado, masu su na ba shi ɗan gero. Ilu in ya zo wucewa ta miƙe sai ya danna oda ya leƙo yana ihu, "Kafaran ɗin jakai, ina gajiya!" Mutanen ƙauye suka ce tsohon ya taɓu. Ni kuma barona ya koyi ɓata hanya. Kullum da hantsi sai ya cika da marmara ya nufi gabas, ni ina biye da shi kawai don kada ya faɗi. Mushe ya taɓa ce mini marmarata tana saurin ƙarewa. Na ce ƙasar wurin ci gare ta. Ya dube ni, ya dubi sawun baro, ya shiga jif ɗinsa ya tafi.

Damina ta biyu ruwa ya zo daidai, ya bi bututun nan biyu lafiya lau kamar ɗan makaranta. Nan ni kaina na fara shakka. Na ce Baba ko dai ruwan nan ya sake hanya? Ya ce in je in cike ramukana.

A ta uku, wata safiya cikin tsakiyar damina, aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya, bai ɗauke ba sai hantsi. Na rufe bariya. Kamyo bakwai suka yi layi, Ilu na gaba. Muna tsaye sai muka ji wani ruri daga arewa, ba tsawa ba. Muka hau tudu muka ga ruwa ja wur ya cika filin daga gefe zuwa gefe, yana tafe da itatuwa. Bututun Mushe suka sha iya cikinsu suka toshe. Ruwa ya hau bisa hanya, ya ci gefenta, kafin a dafa shayi tsakiyarta ta tafi. Babu kowa a kai, don tun da na karɓi hula ban taɓa sa mutum tsaro a filin nan ba. Ilu ya zauna ƙasa yana salati, yana cewa da na karɓi goronsa na buɗe da yanzu yana ciki.

Ba a jima ba sai ga jif ɗin Mushe Sanda. Ya sauka ya taka har inda hanya ta yanke, ya tsaya hannu a ƙugu yana kallon aikinsa na wucewa. Sannan ya juya gabas. Ga tsohuwar Gwiwa can jikin tudu, ja, da doronta, lambatunta a share, ruwa na gangarewa gefe biyu. A bakinta an gitta icen giyayya bisa gwafa biyu, Abarshi na zaune kusa bisa madaɓinsa, kai babu hula. Mushe ya taka zuwa wurinsa, mu duka muna biye. Ya cire tabarau ya ɗan rusuna.

"Baba, na yi kuskure. Ka yi haƙuri. A ba mu hanya mu wuce."

Abarshi ya amsa gaisuwa da kyau, ya tambayi mutanen gida. Sannan ya tashi ya taka hanyarsa da diddige, ya nuna sawun.

"Mushe, wa yar rubuta awa shida jikin allo?"

"Ni ne, Baba."

"To ni ban da agogo. Zamna ka ƙirga muna."

Sai Mushe Sanda ya fashe da dariya, har yana share ido. Ya zauna gindin suri da farin wandonsa, ya kwance agogo ya ajiye bisa gwiwarsa. Ilu ya lallaɓo da goro fari guda biyu, Abarshi ya karɓa ya fasa ya ba Mushe rabi, icen nan bai motsa ba. Sai da la'asar ta yi Mushe ya ce awa shida ta cika. Abarshi ya sake takawa da diddige, ya ce agogon yana da gaskiya. Na cire hular daga kaina na ba Mushe, shi kuma ya sa wa Abarshi da hannunsa. Ta zauna daram. Abarshi ya ɗaga icen, kamyo bakwai suka bi sawun jakai ɗaya bayan ɗaya.

Shekara shida ya ƙara yana kafaran, ya rasu da hular a rataye saman shimfiɗarsa, ya bar mini madaɓin.

Samarin fada suka ce to ai wannan Abarshi ne ya lanƙwasa, ni ina nawa? Na ce su zuba kofi na uku tukuna.

Da aka zo shimfiɗa gudoro, wato kwalta, shekaru bayan haka, wani kamfani ne daga waje ya zo da taswirar da aka zana a ƙasarsu. Suka kafa turaku miƙe tsakiyar filin giyayya. Mushe Sanda lokacin ya yi furfura, shi ne mai duba aikin ya sa hannu. Ya rubuta takarda sau uku, aka ce masa taswira ta riga ta wuce. Rannan ya zo ya same ni bakin bariya, ya ja ni gefe, muka tsaya muna kallon jajayen kawunan nan.

"Mamman," in ji shi, "na ga shanu sun yi yawa bana. Turakun nan za su riƙa faɗuwa. Duk wanda ya faɗi ka tashe shi."

Na ce to, Mushe.

Ya shiga mota ya tada inji, sannan ya leƙo ta taga.

"Kuma don girman Allah, wannan karon ka cike ramukan da baƙar ƙasa."